Malama Rufe-Taga

Duk wanda ya yi ajin ƙarshe a tsohuwar makarantar nan mai jan rufi, in ka ce masa "rufe taga" sai ka ga ya yi murmushi tun kafin ya tuna dalili. Laƙabin malamar adabi ke nan. Sunanta na gaskiya yana can a takardun ofis, amma ko shugaban makaranta, in bakinsa ya suɓuce, Malama Rufe-Taga yake ce mata. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, alli ba ya rabuwa da hannun rigarta, kuma tana da wani baƙin keke mai kwando a gaba wanda ya girmi rabin malaman makarantar. Ba ta duka. Kallo ɗaya ta saman tabarau ya isa ya sa ƙaton saurayi ya tuna bai yi aikin gida ba.

A shekarar da za ta ajiye aiki, abu ɗaya ne ya hana ta sakat. Likita ya ce yanar ido ta fara rufe mata gani, sai an kwantar da ita an yi aiki. Ita kuwa tana da wa a gida, dattijo, wanda rabonsa da taka titi tun tana 'yar mitsitsiya, kuma a iya saninta babu mahaluƙin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa in ba ta nan. Amma kafin a zo nan, sai an ji yadda ta samu laƙabin.

Akwai wani tsohon littafin labari da ake karantawa a ajin ƙarshe, labarin wani gari da ake auna mutum da launin fatarsa da kuma abin da maƙwabta suka ce a kansa. A garin akwai wani gida da kullum yake rufe. Mutanen gidan ba sa shiga gidan kowa, ba a shiga nasu, kuma suna da ɗa da aka daɗe ba a gani ba, har yaran unguwa suka mai da shi dodo. Da wuya shekara ta wuce tambaya ba ta fito a jarrabawa ba: wace rawa iyalin nan suka taka a labarin? Sauran malamai sukan rubuta amsa a allo, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Malama ta tsani wannan. Takan ce aku ma zai iya, shi kuma ba a saya masa takalmin makaranta.

Ranar da aka iso wurin, sai ta shigo ba littafi a hannu, ta ce, "A rufe taga." Tagogin ajin na katako ne masu ƙyaure biyu, wasu sun kumbura da ruwan sama, sai an sa kafaɗa. A rufe su kaf, aji ya yi duhu, zafi ya taso da warin alli da gumi. Akwai wata taga kusa da allo da katakonta ya tsage, tsagar ba ta fi faɗin ɗan yatsa ba. Sai ta raba ajin biyu. Rabi su fita su tsaya a fili suna kallon rufaffun tagogi, rabi su zauna a ciki suna bin layi, kowa ya sa ido a tsagar ya leƙa. Bayan ɗan lokaci ta kira na waje su dawo.

Na ciki take fara tambaya abin da suka gani, nan take baki ya buɗe. Sun ga wance tana sosa ƙafa da ƙafa. Sun ga wane ya juya baya ya cusa biskit a baki. Sun ga mai shara ya jingina tsintsiya yana hamma, sun kuma ga wanda ke satar kallon wata yana tsammani babu mai ganinsa. Aji ya kwashe da dariya, masu laifi su sunkuyar da kai.

"Ku fa na waje?"

"Ba mu ga komai ba, Malama."

"To me kuke tsammani ana yi a ciki?"

Nan fa ake yin ta. Wani ya ce bulala ake rabawa. Wata ta ce ta ji kamar kuka. Wani ya rantse ya ga jan ido a tsagar. Shekara ta bi shekara, yara suna sauyawa, amma jan idon nan bai taɓa fashi ba.

"Kun dai ji da kunnenku," in ji Malama. "Ko shayi bai isa ya huce ba kun ƙirƙiro dodo, alhali abokan zamanku ne a ciki. To mutanen garin da ke littafin nan, da gidan nan suke koya wa 'ya'yansu tsoron wanda ba su sani ba. Gidan nan shi ne aji ɗaya. In yaro ya ƙware a nan, ya girma, sai a ƙara masa aji, ya tsani mutum sukutum saboda fatarsa. Ku rubuta wannan da bakinku, kada in ga kalmata ko ɗaya. A buɗe taga."

Tsofaffin ɗalibanta, waɗanda yanzu wasunsu sun yi furfura, sun manta sunayen mutanen littafin, amma har gobe suna tuna iskar da ke shigowa a wannan lokacin.

Ba wanda ya taɓa tambayarta inda ta samo dabarar, ita kuma ba ta taɓa faɗa ba. Mahaifinta mai gyaran agogo ne. Ɗakin gaba na gidansu shi ne shagon, da wata faffaɗar taga mai buɗewa kan titi, da katako a bakinta inda ake ajiye aiki. A bangon ƙarƙashin tagar ya jera ƙusoshi yana rataye agogunan mutane. Ita ce auta, wurinta ƙarƙashin tebur, tana jin agoguna suna ta surutu kowa da muryarsa, ga ƙamshin man da ake ɗiga musu. Baba na sunkuye da madubi maƙale a ido ɗaya, Yaya na gefensa yana tsince ƙananan ƙusoshi da hantsaki a cikin faranti. Masu wucewa sukan jingina gwiwar hannu a katakon su yi ta hira, wanda ya kawo agogo da wanda ko igiya ba ya ɗaurawa a hannu. In aka tambaye ta lokacin da ta fi jin daɗin duniya, can ƙarƙashin teburin nan zuciyarta ke komawa.

Wata rana aka aiki Yaya sayen burodi, yana ɗan saurayi, farfaɗiya ta kayar da shi a tsakiyar titi. Mutane suka yi da'ira, ba wanda ya matso. Wani ya ce kada a taɓa yawunsa, ana ɗauka. Iyaye mata suka janye 'ya'yansu. Baba ne ya fito da madubin har yanzu a idonsa, ya saɓo ɗansa a kafaɗa ya shige gida. Daga ranar masu hira suka ɗauke ƙafa. Masu agogo suka riƙa aiko yara su karɓa, ko an gyara ko ba a gyara ba, yaran ma daga nesa suke miƙo hannu. Da ƙusoshin bangon suka zama wayam, Baba ya ja ƙyauren tagar ya sa sakata, ya je ya kama aikin gadi a wata masana'anta. Mutum ne mai zuciya. Ya ce tunda suna ƙyamar ɗansa, ba za su sake ganinsa ba. Inna ta daina fita sai dole.

Auta kaɗai ke zuwa makaranta, inda ake ce mata 'yar gidan masu faɗuwa, benci guda ita kaɗai. Ta yi kuka har ta gaji, daga baya ta koyi wannan kallon da ɗalibai suka sha. In ta dawo takan tarar da Yaya a tsohon shagon, ido a tsagar ƙyaure. Sai ta haye kujera kusa da shi ta ce, "Yaya, me ka gani?" Shi kuma ya kwashe titin kaf ya ba ta: wanda ya yi sabon takalmi yana matse shi, matar da ta fita da fushi ta dawo da dariya, karen da ya san ranar da mahauci ke zubar da ƙashi. Ita ta ba shi littattafanta, ya karance su kafin ta gama cin abinci, ya dawo yana gyara mata lissafi.

Daga baya magani ya samu, ƙwaya safe da yamma, ciwon ya kwanta har aka manta rabonsa da tashi. Amma sakatar ta riga ta zauna. Inna ta rasu, Baba ya bi ta, Auta ta zama Malama, ta gaji gidan da dokarsa. Wata rana, tana sabuwar malama, ta dawo ta tarar da yara sun yi cincirindo a bakin tagar, ɗaya har ya ɗage yana leƙawa. Jininta ya tafasa. Ta yar da keke ta bi su da lema har ƙarshen layi, ta damƙo mai leƙen da kunne, ta ja shi har gaban uwarsa, ta wanke su tas shi da ita. Tun daga ranar, in baƙin keken nan na jingine a bakin ƙofa, ko kaza ba ta bi ta gaban gidan da sauri. Malama ta ɗauki wannan a matsayin nasara.

Da yamma, bayan sun ci abinci, takan zube takardun ɗalibai a kan tsohon teburin Baba ta riƙa karanta wa Yaya. Ya san littafin fiye da masu jarrabawa. Shi ke cewa wannan yarinyar ta gane, wancan kuwa kwafa ya yi, kuma daga wurin wanda bai gane ba. Kowace shekara sai ya sa ta ba shi labarin ranar rufe taga daga farko har ƙarshe, yana jira a iso kan jan ido ya yi 'yar dariyarsa ta cikin hanci. Tana lura ƙusoshin ƙarƙashin tagar ba su taɓa yin tsatsa ba, kullum suna ƙyalli, takan ce a ranta Yaya na goge su don tunawa da Baba, sai tausayi ya kama ta.

"Abu ɗaya ne littafin nan bai faɗa ba," ya ce mata wata rana. "Bai faɗi abin da mutumin ke yi da rana ba."

"Me zai yi, Yaya? Zama."

"Haka ne, Malama," in ji shi. In yana son tsokanarta Malama yake ce mata, sauran lokuta Auta.

An taɓa ba ta shugabancin wata makaranta a wani gari mai nisa, da gida da komai. Ta ƙi. Yaya ya matsa mata ta tafi, ta ce kara yake mata, kuma kada ya sake tayar da maganar. Bai sake ba.

To ga shi yanzu ido ya ƙi. Haruffa sun fara narkewa a takarda, ta koma gane ɗalibai da murya. A darasinta na ƙarshe na rufe taga, da ta sa ido a tsagar, hazo kawai ta gani. Ta yi ta ɗaga ranar aikin, likita yana faɗa tana ce masa jarrabawa ta matso. Gaskiyar magana tsoro take ji, kuma ba wuƙar likita take tsoro ba. Wa zai sayo burodi? Wa zai tuna masa ƙwayarsa? In ciwon ya tashi bayan duk shekarun nan, yana shi kaɗai a rufaffen gida fa? Daga nan sai tunanin ya zarce inda ba ta so: in ita ta riga shi tafiya. Ta koya wa ɗaruruwan yara tausayin iyalin da ke cikin takarda, amma ta duba ta rasa mutum ɗaya da za ta iya miƙa wa makullin gidanta.

Ranar da ta je gwaji na ƙarshe, aka ɗiga mata magani a ido, duniya ta koma fari fat. Likita ya hana ta hawa keke. Ta bar shi wurin mai gadin asibiti ta hau tasi, direban ya sauke ta ta layin baya saboda ana gyaran hanya. Da hantsi ne, tsakiyar mako, lokacin da ya kamata a ce tana gaban allo. Ta lallaɓa ta shiga ta ƙofar kicin, rediyon Yaya na ta magana a ɗakin gaba, bai ji shigowarta ba. Ta kwanta a ɗakin tsakiya ta rufe ido da mayafi.

Iska ta fara ji a ƙafafunta, daga inda iska ba ta saba fitowa ba. Sannan ta ji titi ya shigo gidan gaba ɗaya, da ƙarar babur da tallar mai kayan lambu. Sai muryar wata mata, kusa sosai.

"Kawu, motar ruwa ta wuce?"

"Ba ta wuce ba," in ji Yaya. "Direban nan in ya kai war haka, to taya ce. Ajiye bokitinki, zan kira ki."

"To ga makullina, in mai gidan ya riga ni dawowa."

Malama ta ji ƙarar makulli an rataye shi a ƙusa, ya bugi wasu makullan da suka riga shi. Ta yi lamo. Wani ya zo ya tambaya ko ɗansa ya bi hanyar makaranta ko ya karkata wurin masu ƙwallo, Yaya ya ce ya bi hanya, amma ba da son ransa ba. Wata tsohuwa ta zo ba ta tambayi komai ba, ta jingina kawai tana ƙorafin gwiwarta. Sannan wata murya mai kauri ta yi gaisuwa, ta gane telan ƙarshen layi ne, wanda in sun haɗu a hanya yake tsallakawa ɗaya gefen.

"Kawu, ƙusar tabarau ɗin nan ta sake kwancewa."

"Kawo. Kai da kake ɗaura shi a ka kamar ɗankwali, ina zai zauna."

"An ce an sa ranar aikin Malama," in ji tela, ya rage murya. "Mun yi magana. Matata za ta riƙa kawo na rana da na yamma, mai burodi ya ɗauki na safe, ni kuma in riƙa kwana a nan ɗakin in ka yarda. Ƙwayarka ma mun san lokacinta. Abin da ya rage, wa zai faɗa mata? Ni dai ba ni ba. Kunnena bai manta ba."

Yaya ya yi dariya. Ba 'yar dariyar nan ta cikin hanci ba, dariya ce tun daga ciki, wadda rabon Malama da jin ta tun tana ƙarƙashin tebur. Ta tashi tana dafa bango har ƙofar ɗakin gaba. Ba ta ganin komai sai wani faffaɗan haske inda ta saba ganin katako, da inuwar mutum biyu. Inuwar da ke waje ta ɗaga hannu ta kama kunne.

"Sannu da gida, Malama," in ji tela. "Ban ga keke ba."

Ba ta kula shi ba. "Yaya, tun yaushe?"

Yaya ya kashe rediyo. "Tun bayan rasuwar Baba da kaɗan. Zafi ya dame ni wata rana, na zare sakata. Ba wanda ya mutu. Da farko yara ne suka matso, iyayen suka biyo baya a hankali. In suka hango keke sai kowa ya kama gabansa, ni kuma in rufe."

"Yaron da na ja wa kunne fa?"

"Aikin gida ya kawo mini."

"Lissafin rabawa ne, Malama," in ji tela. "Har yau ban iya shi ba."

Kunya ta rufe ta, ga daɗi, ga wani haushi da ta rasa wanda za ta ɗora wa.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na faɗa, Auta. Lokacin da aka ba ki makarantar can, na ce ki tafi, ina da mutane. Kika ce kara nake miki." Ta ji yana juya hantsaki a cikin faranti. "Daga baya kuma na riƙa ganin yadda kike dawowa ranar rufe taga, fuskarki kamar an kunna fitila. Ba ki da ranar da ta kai wannan a shekara. Na ce in na faɗa miki, me za ki je ki koyar?"

Hawaye suka zubo mata, ta ce maganin likita ne, ba wanda ya musa. Duk shekarun nan tana tsaron ƙofa don tana ganin ita kaɗai gare shi, shi kuma yana mayar da sakata kowace yamma don ya san darasin nan kaɗai gare ta. Ta share ido da gefen mayafi, ta juya wajen inuwar da ke waje, ta ɗago haɓa kamar tana gaban aji.

"Sauke hannunka daga kunnen nan. Ka gaya wa matarka ta rage gishiri, likita ya hana shi. Kekena yana wurin mai gadin asibiti. In ka ɗauko, ka shigo da shi ta baya, kada ka jingina shi a bakin ƙofa."

"To, Malama."

Ta laluba ta sami tsohuwar kujerar, ta jawo ta kusa da tasa ta zauna, ta ɗora gwiwar hannu a kan katakon. Ya yi santsi, ya yi ɗumi, alamar ba a daɗe da tashi daga kansa ba. Hasken ya yi mata yawa, ta runtse ido.

"Yaya, me ka gani?"

Ya gyara zama ya leƙa. "Ga motar ruwa can ta shawo kwana," ya ce. "Na faɗa, taya ce."